Yadda ake shirya tattaki daga Kebbi zuwa bakin teku domin tara kuɗin kare muhalli

Tun da na riƙe littafin kuɗi a wani tattaki da 'yan ƙungiyarmu suka yi domin tara kuɗin dashen itatuwa, matasa daga Argungu da Jega da Birnin Kebbi suke aiko mini da tambaya iri ɗaya: ta yaya mutum zai ratsa Najeriya a ƙafa daga arewa zuwa kudu, kuma ya dawo da kuɗin da za a yi aikin muhalli da su? Yawancinsu suna kawo misalin Suleiman Hashimu, wanda ya taka daga Legas zuwa Abuja a shekarar 2015 domin murnar nasarar Buhari a zaɓe, suna ganin kamar ƙarfin ƙafa ne kawai abin nema. Tattakin murna daban, tattakin da aka karɓi kuɗin jama'a a kansa daban, domin na biyun amana ce da za a tambaye ka lissafinta. Ga matakan a jere, kuma ina ba da shawara a bi su yadda suke, kada a tsallake na farko a faɗa wa na shida saboda ya fi daɗin yi.

1. Tsayar da aikin da za a yi da kuɗin

Kafin a sayi ko da safa, a zauna a rubuta a jimla ɗaya abin da za a yi da kuɗin, da wurin da za a yi shi, da wanda zai kula da shi bayan an gama. “Kare muhalli” ba aiki ba ne, take ne, kuma ɗan kasuwar da ka je neman gudummawa wurinsa a tsohuwar kasuwa ba zai buɗe aljihunsa saboda take ba. Amma idan ka ce masa za a reni dashe dubu goma na ɗorawa da kuka da bagaruwa da darbejiya, a dasa su a makarantu da maƙabartu da gefen burtali a ƙauyuka kaza na ƙaramar hukumar Arewa, ya san abin da zai je ya gani da idonsa.

Ayyukan da suka dace da yankinmu suna da yawa. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 da hukumar shirin Babbar Ganuwar Itatuwa take aiki a cikinsu saboda kwararowar hamada, don haka renon dashe yana kan gaba. Akwai kuma aikin koya wa manoma barin tohon itatuwan da ke fitowa da kansu a gona maimakon sassabe su, dabarar da ta mayar da gawo gonakin Maraɗi da Damagaram, kuma ta fi dashe arha nesa ba kusa ba. Wanda hankalinsa ya fi karkata ga namun ruwa yana iya duba lamarin dorina da ayu a kogin Kwara wajen Yauri, inda aikin ya fi shafar tattaunawa da masunta da manoman fadama. Mutanen Kabi ba baƙi ba ne a wannan fage, tun da hana kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungu har sai lokacin bikin kamun kifi ya zo, tsari ne na barin ruwa ya huta.

Gargaɗi: idan dashe kuka zaɓa, ku sa kuɗin shinge da ban ruwa na rani ɗaya cikin lissafi tun yanzu. Dashen da ba a killace ba abincin awaki ne, kuma na ga fili guda da aka dasa da biki da hotuna a watan Yuli, zuwa Maris babu abin da ya rage sai ramuka.

2. Rajista da asusu biyu

Kada a karɓi kuɗin jama'a a asusun mutum ɗaya, ko da shi ne limamin unguwa. Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ku yi wa ƙungiyarku rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin ƙungiya mai amintattu, sannan ku nemi takardar SCUML (sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram), wadda bankuna ke tambaya kafin su buɗe wa irin waɗannan ƙungiyoyi asusu. Wannan yana cin watanni, don haka a fara shi da wuri. Ta biyu ita ce ku haɗa kai da ƙungiyar da ta riga ta kafu, a rubuta yarjejeniya cewa kuɗin zai shiga asusunta kuma za a kashe shi a kan aikin da kuka tsayar. Ƙungiyar kare muhalli ta NCF, wadda aka kafa a 1980, misali ce ta irin waɗanda ake iya rubuta wa takarda, amma kada ku buga sunan kowace ƙungiya a riga ko a talla sai kun sami amincewarta a rubuce.

Abin da na fi so a ɗauka daga wannan jagora shi ne a raba kuɗi gida biyu tun ranar farko. Asusu ɗaya na aikin muhalli ne, ba a taɓa shi sai an dawo, kuma sai mutum biyu sun sa hannu kafin kwabo ya fita. Ɗayan na hidimar tafiya ne, wato abinci da mai da magani, kuma shi ake nema daga masu ɗaukar nauyi da aljihun matafiyan. Duk wanda zai ba da kuɗi a tambaye shi wane asusu yake nufi. Mu mun yi kuskuren haɗa su a makon farko, muka ranci kuɗin dashe muka gyara mota da niyyar mayarwa, kuma sai da muka shafe wata biyu muna warware wannan lissafi guda, har zumunci ya so ya lalace a kansa.

3. Zana hanya da raba zango

Hanyar da ta fi sauƙin bi daga Kebbi ita ce a tashi daga Kamba, a bakin iyaka da Nijar, a biyo ta Birnin Kebbi zuwa Jega, inda za a hau babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato. Daga nan sai Koko da Yauri, a shiga jihar Neja ta Kontagora zuwa Mokwa, a haye Kwara ta gadar Jebba, sannan Ilorin da Ogbomosho da Oyo da Ibadan, har Legas. Tsawonta ya kusa kilomita 1,000, kuma da wannan adadi zan yi sauran lissafin. Daga Ibadan kada a yi tunanin taka babban titin Legas mai saurin gudu har ƙarshensa. A nemi tsohuwar hanyar da ta bi ta Shagamu da Ikorodu.

Mai lafiya yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, don haka kilomita 25 a rana shi ne ma'aunin da jiki ke iya jurewa mako bayan mako. Wannan ya ba da kwana 40 na tafiya. A ƙara hutun kwana ɗaya kowane mako, wanda ya fi dacewa ya zama Juma'a, sannan a ƙara mako guda na ko-ta-kwana saboda ciwo ko matsalar hanya, sai a tsara kwana 55. Zango kuwa ba taswira ke yanka shi ba, gari ne: kowace rana dole ta ƙare a wurin da akwai masallaci da ruwa da mai gari, ko da hakan na nufin kilomita 19 yau da 30 gobe. Kafin ranar tashi, mutum biyu su bi hanyar a mota, su tsaya a kowane zango, su rubuta sunan wanda zai karɓe ku da asibitin da ya fi kusa.

Gargaɗi mai girma: a shekarun nan an sha samun hare-haren 'yan bindiga a sassan kudancin Kebbi da jihar Neja, ciki har da kewayen dajin Kainji, haka ma wasu yankunan bakin iyaka. Duk zangon da jami'an tsaro ko mutanen gari suka ce kada a taka, a shiga mota a wuce shi da rana, a sanar da masu gudummawa a fili, a cire kilomitocinsa daga lissafi. Babu wanda zai zarge ku a kan wannan, amma za a zarge ku idan kuka ɓoye. Idan labarin ya nuna cewa hanyar gaba ɗaya ba ta biyuwa a wannan shekara, a rage tattakin ya zama na ratsa jihar Kebbi kawai, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

4. Lokacin tashi

Tsakiyar Nuwamba ne, bayan ruwa ya ɗauke kuma an yi kaka, lokacin da manomi yake da abin bayarwa. A bazara zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Da damina kuwa hanyoyi na yankewa, kamar yadda ambaliyar Mokwa ta nuna a watan Mayun 2025. Wanda ya tashi a Nuwamba zai isa a farkon Janairu, ya sami watannin da zai reni dashe kafin a dasa a Yuli. A duba kalandar Musulunci kuma, kada azumi ya riske ku a hanya.

5. Takardu da gaisuwar manya

A rubuta takarda zuwa ga kwamishinan 'yan sanda na kowace jiha da za a ratsa, da hukumar kiyaye haɗurra, da jami'an Sibil Difens, da ma'aikatar muhalli ta jiha, a bayyana sunayen matafiya da ranaku da hanya. A kai takardar da hannu, a tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin da zai zauna wurinku, domin shi za ku nuna a shingen bincike. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa a jikinsa, ba a cikin mota ba.

Takardar da ta fi yi mana amfani, duk da haka, ita ce ta fada. Kebbi tana da masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kuma takardar gabatarwa daga masarautarku tana buɗe ƙofar uban ƙasa, shi kuma ya haɗa ku da hakiman ƙauyukansa. Wata rana mun isa wani ƙauye bayan magariba ba tare da an sanar da zuwanmu ba, 'yan banga suka tare mu da tocila a fuska, suka kai mu ƙofar hakimi. Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ƙafafunmu, sannan ya ce, “Samari, ina kuka hito da wannan dare?” Babbanmu ya durƙusa ya ce, “Ranka ya daɗe, baƙinka ne, ga takardar uban ƙasa.” Sai da aka kira ɗansa ya karanta ta da ƙarfi a gaban jama'a kafin aka shimfiɗa mana tabarma a zaure aka kawo tuwo. Tun daga ranar ba mu sake shiga gari ba sai mun tura mutum ya riga mu da rana tsaka. Bayan Jebba, inda Hausa ta fara ƙaranci, a nemi Sarkin Hausawa na kowane gari; unguwannin Sabo a Ibadan da Shagamu ba su rasa masaukin baƙo.

6. Horar da jiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗauki wata uku ana horo, a fara da kilomita 8 sau uku a mako, a riƙa ƙarawa har a kai ga yin kilomita 25 kwana uku a jere da jaka a baya. Rana ta uku ita ce gwajin gaskiya, domin kowa na iya yin rana ɗaya. Kowane matafiyi ya je asibiti a auna hawan jininsa da sukari, a duba lafiyar zuciyarsa, kuma mai sikila ko ciwon gwiwa ya karɓi aikin mota ko na littafin kuɗi, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Mutum huɗu masu tafiya da direba ɗaya sun isa. Taron mutum ashirin yana da kyau a hoton ranar tashi, amma babu ƙauyen da zai iya ciyar da su ba shiri.

7. Kayan tafiya

Takalmi ne kan gaba. A sayi kambas ƙafa biyu masu ɗan girma fiye da ƙafar mutum, saboda ƙafa tana kumbura da tafiya, kuma a yi duk horon wata ukun da su. Sabon takalmi ranar tashi shi ne kuskuren da ya fi mayar da mutane gida. A haɗa da safa aƙalla ƙafa shida, da silifas na zango, da malafa, da rawani ko takunkumi saboda ƙurar hunturu, da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan hanya, da rigar sanyi domin asubar Disamba. A jakar baya kada a ɗauki abin da ya wuce ruwa lita biyu da dabino da ƙuli-ƙuli da waya da fawa bank. Tabarma da gidan sauro da buta da risho da sauran kaya su zauna a mota. A riƙe layukan waya na kamfani biyu daban-daban, domin inda ɗaya ya ɗauke ɗayan yakan kama.

Akwatin magani ya ƙunshi filasta da bandeji da aidin da man kaɗanya da maganin ciwon jiki da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. Idan ƙunshin ya ƙare, ana haɗa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Zazzaɓi kuwa ba a yi masa maganin ka. A je a yi gwajin jini a asibiti mafi kusa. A tanadi buhu guda na zuba shara, domin abin kunya ne masu tattakin muhalli su bar ledar fiya wata a bayansu daga Kamba har Legas.

8. Kasafin hidimar tafiya

Farashi yana canzawa kafin tawada ta bushe, don haka tsarin lissafin zan bayar, ku cika shi da farashin ranarku. Abinci da ruwa: adadin mutane sau kwana 55 sau kuɗin rana. Idan aka ɗauka, a matsayin misali kawai, naira 5,000 ce ga mutum ɗaya, mutum biyar za su ci naira 1,375,000. Mai: motar rakiya ba kilomita 1,000 take yi ba, domin tana zuwa gaba ta dawo, sannan ga komawa gida, don haka a lissafa mata 3,000, motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 300. Sai kuɗin direba da juyen baƙin mai da taya, da masauki a manyan garuruwa inda zaure ba ya samuwa, da data, da buga riguna da rasit, da goron gaisuwa. A kan jimlar a ƙara kashi 20 cikin 100. Idan wannan asusu bai cika ba, a ɗage ranar tashi, kada a tashi da fatan za a cike giɓin da kuɗin da aka tara a hanya, domin ta nan ɓarna take shigowa.

9. Karɓar gudummawa

Tsarin da ya fi tasiri shi ne alkawari a kan kowace kilomita. Wanda ya ɗauki naira 50 a kilomita zai biya naira 50,000 idan an kammala, kuma mutum 100 irinsa sun tara miliyan 5. A rubuta sunan kowa da abin da ya ɗauka, kuma a raba biyan kashi uku, ɗaya idan an isa Yauri, ɗaya a Jebba, ɗaya a Legas, saboda alkawarin da aka bari sai ƙarshe yakan yi sanyi. A nemi aƙalla rabin abin da ake buri a matsayin alkawari kafin a tashi, ta hanyar ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu casar shinkafa da 'yan asalin jiha mazauna Abuja da Legas. Gidajen rediyo na jiha sun fi Facebook kaiwa ga manoma, ko da yake Facebook da WhatsApp ne za su riƙe labarin kullum. Shafin GoFundMe ba ya buɗe wa mazauna Najeriya asusu kai tsaye, don haka masu son ba da gudummawa daga waje a ba su bayanin asusun ƙungiya.

A hanya za a riƙa ba ku tsabar kuɗi, kuma ƙin karɓa wulaƙanci ne. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta kwance bakin zanenta ta ba mu naira 200 da ta dunƙule, ta ce a dasa mata kuka ɗaya. Na ce, “Inna, wane suna zan rubuta?” Ta yi dariya ta ce ita ba ta san ana rubuta sadaka ba, amma na yanka mata rasit, domin littafin da aka tsallake naira 200 a cikinsa za a tsallake dubu ashirin. Duk tsabar da aka tara a zuba ta asusu ta wurin mai POS a gari na gaba, kada ta kwana biyu a jaka, kuma kowace Juma'a a wallafa jimlar abin da ya shigo.

10. Tsarin yini a kan hanya

A tashi da an idar da sallar asuba gari ya fara wayewa, a yi kilomita 16 zuwa 18 kafin ƙarfe goma sha ɗaya, ana tsayawa minti goma kowace awa. A fake a inuwa har bayan la'asar, sannan a ƙarasa sauran, a shiga zango kafin magariba. Ba a tafiyar dare ko da an makara. Idan duhu ya kusa, a sa alama inda aka tsaya, a shiga mota, gobe a dawo a ci gaba daga nan. A tambayi malami hukuncin ƙasaru tun a gida domin kada a yi ta gardama a hanya.

Motoci a Najeriya hannun dama suke bi, don haka mai tafiya a ƙasa ya riƙe gefen hagu yana fuskantar masu tahowa, a jere ɗaya bayan ɗaya, ba abin sauraro a kunne. Tsakanin Mokwa da Ilorin tireloli da tankokin mai sun yi yawa, kuma sukan sauka gefen titi domin kauce wa rami. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122.

Ƙafa ana duba ta sau biyu a rana. Da zarar an ji wuri yana zafi a cikin takalmi a tsaya a manna filasta, kada a jira ya zama bororo. Idan ya riga ya tashi kuma ƙarami ne, a rufe shi a bar shi. Idan ya fashe a wanke, a sa aidin, a rufe, kada a yanke fatar. Da dare a wanke ƙafa, a shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, a ɗora ta a kan jaka. Wanda fitsarinsa ya yi duhu ruwa ne bai ishe shi ba, wanda kuma ya fara jiri ko maganarsa ta rikice a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a kai shi asibiti nan take.

Gargaɗi: kada a wallafa inda kuke a lokacin da kuke wurin, kuma kada a faɗi zangon gobe a intanet. Hoton yau a sa shi jibi.

11. Isowa da miƙa lissafi

A zaɓi wurin ƙarewa tun da wuri, ko bakin teku ko cibiyar kare muhalli ta Lekki idan sun amince, a gayyaci 'yan jarida da shugabannin Hausawan Legas, kuma a ajiye kuɗin komawa gida a gefe tun daga Kamba. Cikin mako biyu da dawowa a bi sauran alkawura, a rufe karɓar kuɗi a ranar da aka sanar, sannan a ba wani akanta da ba ɗan ƙungiya ba littattafan biyu da bayanan banki ya duba. A wallafa sakamakon: abin da ya shigo kowane asusu, abin da aka kashe, kilomitocin da aka taka da waɗanda aka wuce a mota. A kai kwafi fada da ma'aikatar muhalli da duk uban ƙasar da ya sauke ku.

Daga nan a saki kuɗin aikin kashi-kashi, na reno a Fabrairu, na shinge kafin ruwa ya sauka, na ban ruwa bayan kaka. A kowane wurin dashe a sa mutum ɗaya da aka san sunansa wanda zai kula, a rubuta adadin da aka dasa da irinsu. A watan Mayu na shekara mai zuwa, ƙarshen rani na farko, a koma a ƙirga waɗanda suka rayu ɗaya bayan ɗaya, a aika wa masu gudummawa adadin da hotuna daga wurin da aka ɗauki na ranar dashe, sannan a yi amfani da ragowar kuɗin shinge a maye gurbin waɗanda suka mutu idan damina ta sauka.